Sintirin Dare Sana'a Ce: Jan Hankali Game da Masu Gadi a Balan da Kewaye

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani bawan Allah da kowannenmu yake wucewa ta gabansa safe da yamma, a bakin makaranta ko ofis ko gidan haya, amma da wuya a sami wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko mene ne ainihin aikin mutumin nan. Muna nufin mai gadi. Mun ɗauka cewa duk wanda ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ko noma ya gagare shi, ko ya zo cin rani bai sami abin yi ba, to, a ba shi tabarma da tocila da gora, a zaunar da shi bakin ƙofa, shi ke nan an yi tsaro. Ran da aka wayi gari an fasa sito, sai a kama shi da zagi, wani lokaci ma a kai shi caji ofis, alhali kuwa tun farko ba a koya masa kome ba, ba a kuma biya shi abin da zai riƙe cikinsa ba. Ra'ayinmu shi ne gadi sana'a ce mai ƙa'idoji, zuciyarta kuwa ita ce sintiri, kuma lokaci ya yi da mu masu ƙoƙarin neman ilmi za mu ba ta darajarta.

Mun zaɓi mu yi magana a kan Balan, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gaya, da ƙauyukan da ke tsakanin Gaya da Ajingi, domin matsalar ta fi fitowa fili a irin waɗannan wurare. A da, dukiyar manomin ƙasar Gaya ba ta wuce rumbun gero da dawa, da buhunan gyaɗa da wake, da shanun huɗa da 'yan tumaki ba, kuma dukkansu suna cikin gida, inda idon iyali da haushin kare ke kansu. Yau kuwa dukiya ta fita bayan gari. Akwai faifan sola a kan rijiyar burtsatse, akwai injin ban ruwa a fadama, akwai siton taki da na hatsi, da injin niƙa, da gidan kaji, da babura, da makarantu masu zaman kansu. Duk waɗannan kaya ne masu tsada, masu sauƙin ɗauka, masu saurin shiga kasuwa. Ga kuma babbar hanyar da ta taso daga Wudil ta bi ta Gaya ta nufi Dutse, wadda take kawo arziki, take kuma sauƙaƙa wa ɓarawo fita da kaya kafin gari ya waye. Ɗan sanda kuwa yana hedkwatar ƙaramar hukuma, kafin ya iso an riga an yi an gama. Saboda haka abin da ke tsakanin mai kaya da hasara, sau da yawa, mutum ɗaya ne tak da tocilarsa.

Kada wani ya zaci tsaron dare baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. A da, kowace ƙofa ta ganuwar Kano tana da sarkin ƙofa, wanda aikinsa ne ya rufe ta da dare ya buɗe da safe, ya kuma san mai shiga da mai fita. Sarakuna suna da dogarai. A zamanin En'e aka yi 'yan gadi da 'yan doka, har zuwa lokacin da aka haɗe su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya bayan juyin mulkin 1966. Bayan farin 1973 da na 1984, Buzaye da yawa da suka rasa dabbobinsu suka kwararo biranenmu suka kama gadi, har jama'a suka riƙa ɗaukar rawaninsu da takobinsu tamkar alamar amana. A 1986 gwamnatin soja ta kafa dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu, wadda ta wajabta musu lasisi, ta kuma hana ma'aikatansu riƙe bindiga. Daga baya aka ɗora wa hukumar Sibil Difens, wadda dokar 2003 ta kafa, aka yi wa dokar gyara a 2007, alhakin sa ido a kan waɗannan kamfanoni. To, amma mai gadin ƙauye ba ɗan kamfani ba ne. Shi da mai kaya suka yi cinikinsu da baki, babu takarda, babu horo. Tun da doka ta hana wa ɗan kamfani ma bindiga, makamin da ya rage wa mai gadi na gaskiya shi ne ƙafarsa da idonsa da kunnensa da dabararsa.

A nan ne ya kamata mu waiwayi abin da masana suka gano. A 1979 wasu malamai biyu na Amurka, Kohen da Felson, suka nuna cewa sata ba ta aukuwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya: mai niyyar ɗauka, da abin da ya cancanci ɗauka, da rashin idon da zai hana. Bahaushe ya riga su faɗa a taƙaice, da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai gadi ba shi da ikon gyara zuciyar ɓarawo, ba zai kuma rage wa faifan sola daraja ba. Na ukun kaɗai ke hannunsa, watau ya zama idon da ke nan a daidai wurin da ake buƙata. Wanda ya zauna bakin ƙofa daga magariba zuwa asuba ya tsare ƙofa kurum, ya bar wa ɓarawo sauran kusurwoyi uku. Ɓarawo kuwa ba ta ƙofa yake sallama ba.

Sai dai ba kowane yawo ne sintiri ba. Daga 1972 zuwa 1973 'yan sandan birnin Kansas a Amurka sun yi wani gwaji: suka kasa unguwanni 15 gida uku, a wasu suka ninka yawon motocinsu, a wasu suka bar shi yadda yake, a wasu suka janye shi sai an kira su. Da aka zo lissafi, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen yawan laifuka. Watau gararamba barkatai ba ta tsorata kowa. Daga baya, a 1989, wani bincike a birnin Miniyafolis ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin su ne ke jawo rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda. A 1995 kuma wani masani, Kiristofa Kopa, ya duba bayanan birnin ya ga cewa tsayawar kimanin minti 15 a irin waɗannan wurare ita ta fi barin tsoro a bayanta, wucewa da sauri ba ta wadatar ba, daɗewa fiye da haka kuma ba ta ƙara kome. Waɗannan bincike a kan 'yan sandan manyan birane aka yi su, ba mu ce a kwaso su ɗungurungum a zuba a Balan ba. Amma darasinsu ya dace da hankali: a san wuraren rauni, a riƙa zuwa gare su, a kuma tsaya.

Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce mai gadi ya san wurinsa da rana kafin ya tsare shi da dare. Ranar da aka ɗauke shi, wajibi ne mai kaya ya zaga da shi ciki da waje, su ƙirga ƙofofi da tagogi da kwaɗuna, su duba inda katanga ta gajarta, da inda danga ta ɓule, da bishiyar da reshenta ya leƙo ciki, da kwararon ruwan da yaro zai iya kutsawa, da burtalin da ya wuce ta baya. A fitar da wurare biyar ko shida da suka fi haɗari, su zama tashoshin da ba za a tsallake ba a kowane zagaye. Tulin kara da tsofaffin bulo da aka jingina da katanga a kawar da su, don tsani ne aka kafa wa ɓarawo kyauta.

Ta biyu, kuma a ganinmu ita ce uwa, kada sintiri ya zama yana da lokacin da aka san shi da shi. Ɓarawon kirki ba ya zuwa ran farko. Sai ya yi kwanaki yana nazari, ya san mai gadi yana tashi ƙarfe goma sha biyu, yana bi ta dama, yana dawowa bayan minti goma, sa'an nan ya haɗa shayi. Wanda ya riƙe wannan tsari ya rubuta wa ɓarawo jadawalin aiki da hannunsa. Dabara ita ce a sassaɓa: yau a fara ta gabas, gobe ta yamma, wani zagayen ya biyo bayan ɗan'uwansa da minti 20, wani da awa guda, wani lokaci a kai rabin hanya a juyo da baya, domin mai laɓe yakan fito ne da zarar ya ga haske ya wuce. Da yake ɗan Adam ba ya iya rabuwa da sabo, ko da ya yi niyya, akwai hanya mai sauƙi: a rubuta lambobin tashoshi a 'yan takardu, a zuba cikin hula, a zaro ɗaya bayan ɗaya, yadda suka fito haka za a bi su a wannan dare. Kada a raina wannan. A 2007 filin jirgin saman Los Anjalis ya fara aiki da kwamfuta don ta riƙa sassaɓa masa lokutan shingen bincike da yawon karnuka, saboda wannan dalili dai. Abin da kwamfuta ta yi musu, hula za ta yi mana.

Ta uku ita ce sanin yadda ake zama da duhu. Idon mutum yana buƙatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuwa yana rushe wannan sabo cikin ƙiftawa. Mai gadin da ya zauna gindin fitila yana latsa waya ya makantar da kansa, ya kuma nuna wa na waje inda yake. Haka nan wanda ke tafe da tocila a kunne tun daga nesa yana shelar zuwansa. Abin da ya dace shi ne fitila ta haska katanga da ƙofar sito, shi kuwa ya zauna a inuwa, bayansa na jingine da bango. In ya tashi zagaye ya tafi a hankali da takalmi marar ƙara, ya kashe rediyo, ya riƙa tsayawa yana saurare, ya kunna tocila sa'ad da zai duba wani abu kawai, yana riƙe da ita nesa kaɗan da jikinsa. Kunne ya fi ido aiki da dare. Haushin karnukan unguwa da ke tafiya daga gida zuwa gida, da firgitar zabi, da motsin tumaki a turke, da babur ɗin da aka kashe daga nesa aka turo, duk labari suke bayarwa ga mai saurare.

Ta huɗu, a taɓa da hannu, kada a wadatu da kallo. Kwaɗon da aka karya aka mayar yana kama da lafiyayye daga nesa, sai an ja shi ake ganewa. Mutanenmu na karkara gwanaye ne wajen bin sawu, kuma wannan ilmi ne da birni ba shi da shi. In an share rairayin gindin katanga da yamma, duk wanda ya taka zai bar shaida. Zare siriri a bakin ƙofar da ba a buɗewa, ko ɗan tsinke a jikin sakata, ya isa ya nuna ko an taɓa. Ba kuma ɓarawo kaɗai ake nema ba. Wuta ta fi shi ɓarna, don shi yana zaɓe, ita kuwa ba ta bari. Gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 da dare ta tashi. Hancin mai gadi ya riƙa neman ƙaurin waya da warin fetur, musamman da hunturu, lokacin da kara ya bushe, iska na kaɗawa, shi kansa kuma yana hura wutar jin ɗumi.

Ta biyar, sintiri ya bi yanayin shekara. Da kaka rumbu da sito ke cike, nan ne ido zai koma. Da damina dawa da gero sukan yi tsawo har su rufe bayan katanga, ƙarar ruwa a kan kwano kuma tana haɗiye ƙarar guduma, don haka daren ruwa daren ƙara zagaye ne, ko da yake shi ne daren da jiki ya fi son kwanciya. Duhun wata ya fi farin wata haɗari. Daren jajibirin kasuwa ma haka, domin abin da aka kwance daren Alhamis yana iya shiga karar Wudil ranar Juma'a. Gabanin babbar salla kuwa kowa ya san inda hankalin ɓarayi yake. A cikin daren kansa, tsakanin ƙarfe uku da biyar ne barci ya fi rinjayar ɗan Adam, sai a tanadi zagaye mafi yawa a wannan tsakani, kada kuma a saki jiki da jin kiran assalatu, don lokacin da kowa ya nufi masallaci wata dama ce.

Ta shida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gadi guda a wuri mai faɗi ganima ce ga mutum uku. Inda hali ya samu a sa biyu, ɗaya na zagaye ɗaya na tsaye, suna musanya. Inda babu hali, masu gadin da ke maƙwabtaka su haɗa kai da 'yan sintirin gari, su yi yarjejeniyar usur: busa ɗaya lafiya, busa uku a kawo ɗauki. Lambar mai unguwa da ta dagaci da ta ofishin 'yan sanda su kasance cikin wayar da ke da caji da kuɗi, mai kaya ne kuma zai ɗauki wannan nauyi. Sa'an nan a ajiye littafi. Tun a 1855 wani Bajamushe, Johanas Burk, ya fara ƙera agogon da mai gadi ke ratayawa, yana murɗa mabuɗin kowace tasha don a san ya je. Mu littafin makaranta ya ishe mu, a rubuta lokaci da abin da aka gani, da boko ko da ajami. Littafin nan kariya ce ga mai gadin kansa ranar da za a so a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Saura tambaya mai nauyi: in an ga ɓarawo fa? Aikin mai gadi ya hana, ya tona, ya kira jama'a. Ba a ɗauke shi don ya ba da ransa saboda buhun taki ba. In ɓarayi sun fi ƙarfinsa, ya ja da baya, ya yi kururuwa, ya riƙe kamanninsu da hanyar da suka bi. In kuwa an kama mutum, dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yarda farar hula ya kama mai laifi, amma ta wajabta a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda 'yan banga suka tare mafarauta matafiya da ke kan hanyar komawa Kano, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya hallaka 16 daga cikinsu. Mun yi kuka, mun nemi a yi adalci, kuma muna da gaskiya. To, wanda ya ji zafin wannan bai kamata ya yarda a yi wa baƙo irinsa a ƙofar gidansa ba. Makiyayi ko ɗan cin rani da dare ya yi masa a hanya ba ɓarawo ba ne sai an tabbatar.

Mun san za a ce mana zamani ya wuce nan, a kafa kyamara a huta. Kyamara tana da amfani, amma tana son wuta da gyara, ba ta jan kwaɗo, ba ta jin ƙauri, ba ta busa usur. In babu mai dubawa, iyakarta ta nuna maka da safe yadda aka kwashe ka, ihu bayan hari ke nan. Wasu kuma za su ce mai gadinsu yana da laya da maganin ƙarfe. Ba mu shiga tsakanin mutum da abin da ya yarda da shi, amma ba mu ga abin da zai hana a haɗa da zagaye ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa duk dabarun nan banza ne ga mutumin da ya wuni yana noma ko tura baro. Wannan gaskiya ce, kuma mu take tuhuma. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau kusan duk mai gadin gida da na sito yana waje da ita. Mu yi lissafi: awa 12 kowane dare, dare 30, awa 360 ke nan a wata. In aka ba mutum naira 30,000, ladan awarsa bai wuce naira 83 ba. Dole ya nemi aikin rana, wanda ya yi aikin rana kuwa dole ya yi barcin dare. Mai yunwa kuma shi ne ya fi saurin sauraren mai zuwa da tayin a raba, da ɗan gari kuwa akan ci gari. Mu da muke ɗaga murya in an jinkirta alawus ɗinmu, ba ya kyautu mu zama masu danne na wanda ke tsaron barcinmu.

Don haka muna kira ga ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da masarautar Gaya su nemi jami'an Sibil Difens da 'yan sanda su riƙa shirya wa masu gadi da 'yan sintiri bita ta kwana biyu ko uku, da Hausa, kafin kaka. Muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin yankin su rubuta waɗannan ƙa'idoji a takarda guda, boko da ajami, su raba lokacin hutu, su kuma karanta wa wanda bai iya ba. Muna kira ga masu kaya su ba da tocila da usur da rigar sanyi da ta ruwa da gidan sauro, da hutun dare ɗaya a mako, da albashi a kan kari. Ku kuma matasan ma'aikata da gobe za ku riƙe sito da makarantu da asibitoci, ranar da aka kawo muku sabon mai gadi, ku tashi daga kujera ku zaga da shi.

Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama, har Kano ta kafu. Ƙasar da ta san darajar sana'a tun wancan zamani ba ta rasa yadda za ta mayar da gadi sana'a ba. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin masu tsare mu, amin.